Hanyar Indiya da Iyakar Ɗan Isa

Ranar 8 ga Afrilu 1904, a birnin Landan, ministan harkokin wajen Ingila Lord Lansdowne da jakadan Faransa Paul Cambon suka sa hannu a kan takardun sulhun da ya kashe doguwar gabar da ke tsakanin ƙasashensu. A cikin waɗannan takardu aka yanke ƙasar da Madarunfa za ta zauna a cikinta. Bisa taswirar da ƙasashen biyu suka amince da ita a 1898, Madarunfa da Maraɗi da Tsibiri da Birnin Ƙonni duk rabon Ingila ne, kuma da an bar ta yadda take, da yau yaran Gabi da Safo da Sarkin Yamma Ingilishi suke koya a makaranta, Abuja ce babban birninsu. Lansdowne ɗin da ya ɗebe wannan yanki ya miƙa wa Faransa shi ne ya yi sarautar wakilin Sarauniya a Indiya daga 1888 zuwa 1894, kuma Indiya ce a ransa sa'ad da yake cinikin. Ra'ayina a nan shi ne layin da ya ratsa tsakanin Ɗan Isa ta Nijar da Magamar Jibiya ta Najeriya an shata shi ne don biyan buƙatar da ba tamu ba, saboda haka bai cancanci gwamnatocinmu, ta Yamai ko ta Abuja, su mayar da shi makamin da suke horon juna da shi ba. Ƙasar da ta fi kowa shan ɗacin irin wannan kuskure ita ce Indiya, kuma labarinta ya shafe mu fiye da yadda littattafan makarantunmu suke nunawa.

Sai an fara daga Indiya za a gane abin da ya kai Turawan nan biyu teburin ciniki. A ƙarni na 18 Ingila da Faransa sun yi kokawar mallakar Indiya ta hannun kamfanoninsu na fatauci. Ingilishi suka yi nasara a yaƙin Plassey a 1757, yarjejeniyar Paris ta 1763 kuma ta bar Faransa da ƴan garuruwa kaɗan a bakin teku, irin su Pondicherry. Daga nan Indiya ta zama rumbun Ingila: harajinta, audugarta, kasuwarta da rundunar sojojinta su ne ginshiƙin daular. Duk wani ɗan siyasar Landan na ƙarni na 19, kafin ya dubi Afirka, sai ya fara tambayar ko hanyar Indiya na nan lafiya. Da aka buɗe mashigin Suwez a 1869, hanyar ta koma ta Masar. A 1875 Ingila ta sayi hannun jarin sarkin Masar a kamfanin mashigin kan fam miliyan 4, a 1882 kuma ta shiga Masar da soja. Faransa, wadda ɗan ƙasarta ne ya jagoranci haƙa mashigin, ta ji an yi mata ƙwace, ta shafe shekara 22 tana hana ruwa gudu a harkar bashin Masar, har a 1898 sojojin ƙasashen biyu suka tsaya gaba da gaba a Fashoda, a bakin kogin Nil, yaƙi saura ƙiris.

A tsakiyar wannan gaba ne aka riƙa ja da sakin iyakarmu. Layi na farko, wanda aka ja daga Say zuwa Barruwa a bakin tafkin Cadi ranar 5 ga Agusta 1890, diyya ce aka biya Faransa saboda Ingila ta ɗauki Zanzibar, wani zango a tekun Indiya. A cinikin nan ne ma aka sallama wa Faransa Madagaska. Firayim ministan da ya ƙulla shi, Lord Salisbury, sau biyu yana riƙe ma'aikatar kula da Indiya, kuma da bakinsa ya shaida wa majalisar dattawan ƙasarsa cewa abin da ya bar wa Faransa rairayi ne marar amfani ga manomi. Layi na biyu, na 14 ga Yuni 1898, an zana shi da ma'aunin da'ira: aka kafa tsini a Sakkwato aka zagaya mil 100, sannan aka bi layukan lissafi zuwa gabas. Wannan ya tura Faransawa can arewa, inda babu rijiyoyin da za su ɗauki ayari daga kogin Kwara zuwa Damagaram. Kakanninmu ne suka biya kuɗin wannan lissafi da jininsu. A 1899 rundunar Faransa ta Voulet da Chanoine ta bar hanyar da takarda ta ba ta, ta gangaro kudu neman ruwa da hatsi, ta ƙone Lugu, ta yi kisan ƙare dangi a Birnin Ƙonni, ta bi ta Tsibiri tana rataye mutane, har Allah ya kawo ƙarshen shugabanninta a Maijirgi cikin watan Yuli. Wanda ya ce layin taswira abu ne na kan takarda kawai, ya tambayi zuriyar waɗannan garuruwa.

Zuwa 1904 tsoro ya haɗa abokan gabar nan. Jamus na gina jiragen ruwan yaƙi, Ingila ta fito daga yaƙin Afirka ta Kudu a jigace kuma ba ta da aboki a Turai, sannan a watan Fabrairun shekarar yaƙi ya ɓarke tsakanin Rasha, ƙawar Faransa, da Japan, ƙawar Ingila. Sai aka zauna aka baje duk ƙorafe-ƙorafen da ke tsakani. Babbar hajar ita ce Masar da Maroko: Faransa ta sakar wa Ingila mara a Masar, Ingila ta kau da kai daga Maroko. Wanda ya fi matsa wa Landan lamba a kan a gama cinikin shi ne Lord Cromer, mai mulkin Masar, shi ma a Indiya ya koyi aiki. Akwai kuma tsohuwar rigimar kamun kifi a gaɓar tsibirin Newfoundland, kusa da Kanada, inda masuntan Faransa ke da haƙƙi tun 1713. Da Faransa ta yarda ta saki wannan haƙƙi, sai aka biya ta da tsibiran Los na gaban Konakiri, da Yarbutenda a kogin Gambiya, da hanya mai ruwa daga Kwara zuwa tafkin Cadi. Kwarin Gulbin Maraɗi, da tafkin Madarunfa da kaburburan waliyyansa 99, da gonakin da suka ciyar da al'umma ƙarni da ƙarni, sun shiga cinikin ne a matsayin gyaran da mai awo ke ƙarawa bayan an cika tiya. Yarjejeniyar 29 ga Mayu 1906 ta fayyace layin, kwamitin Tilho na Faransa da O'Shee na Ingila ya bi shi a ƙasa daga 1906 zuwa 1908 ya kafa alamomi 148, aka rufe maganar a 1910.

Masu ilimin tarihi suna da ja a kan wannan bayani, kuma jan nasu na da ƙarfi. Suna cewa iyakar Maraɗi da Katsina ta girmi Turawa. Bayan da masu jihadi suka ci Katsina wajen 1807, gidan sarautar da aka kora ya yi arewa, Ɗan Kasawa ya kafa mulkinsa a Maraɗi wajen 1819, Gobirawa kuma suka gina Tsibiri bayan yaƙin Gawakuke na 1836. Aka shafe kusan ƙarni ana kai wa juna hari, zamanin Ɗan Baskore mahayan Maraɗi har ƙofar Katsina suke kaiwa, kuma tsakanin ɓangarorin biyu akwai ƙungurmin daji da ba mai kwana cikinsa. Takardar 1904 da kanta ta ce a yi la'akari da rabon sarautun da ke ƙasa, a bar mutanen Tasawa da Maraɗi da Damagaram a hannun Faransa, kuma Tilho ya zauna da sarakuna yana tambayar wane ƙauye ke kai haraji ina. Masaniyar tarihi Camille Lefebvre ta yi dogon bincike tana nuna haka. Na yarda da duk wannan, sai dai akwai tazara mai faɗi tsakanin fagen daga da iyakar ƙasa. Faɗan Maraɗi da Katsina faɗa ne a kan gadon sarauta ɗaya, shi ya sa har gobe mai martaba na Maraɗi Sarkin Katsina ake ce masa. Bai taɓa ɗaukar kansa sarkin wata al'umma dabam ba. Wannan fage yana matsawa kudu ko arewa gwargwadon ƙarfin sarkin da ke kan gado, fatake suna ratsa shi, almajirai suna ratsa shi, ana aure ta kansa. Abin da Turawa suka yi shi ne suka tarar da rikicin cikin gida a wani matakinsa, suka daskarar da shi a nan, suka sa masa tuta biyu da kuɗi biyu da harshen ofis biyu. Kuma sun bi rabon sarautu ne a inda ya dace da buƙatarsu ta rijiyoyi. Shekara shida kafin nan, da buƙatar ba ta taso ba, sun jefa Maraɗi da Katsina cikin jaka ɗaya ba tare da ko ɗar ba.

Bambancin da muke gani yau tsakanin ɗan Madarunfa da ɗan Jibiya bayan layin ya samu. A kudu, Gwamna Lugga, wanda a Madras ta Indiya aka haife shi a 1858 kuma ya yi yaƙi a Afganistan da Bama, ya zo da darasin da Ingila ta koya daga boren Indiya na 1857: ƙwace sarautu kamar yadda aka yi wa Awadh a 1856 yana haifar da tawaye, barin sarakuna a kan karaga suna tara haraji ya fi arha. Da wannan dabara aka bar ɗaruruwan masarautu a Indiya, da ita aka riƙe Kano da Katsina da Sakkwato bayan 1903. A arewa kuwa kumandan ne komai, sarki ɗan aikensa ne, ga aikin tilas da dokar hukunta talaka ba shari'a, waɗanda sai a 1946 aka soke su. Tsari biyu na baƙi suka yi aiki a kan jama'a ɗaya na tsawon rabin ƙarni, suka bar mana takardun shaida iri biyu. Amma harshen gida, da addini, da hatsin da ake ci, da kakannin da ake ambata, ba su rabu ba.

Indiya ta nuna inda ake ƙarewa idan aka ɗauki irin wannan layi aka mai da shi aƙida. A watan Yulin 1947 Ingila ta aiko da lauya Cyril Radcliffe, wanda bai taɓa taka ƙasar ba, aka ba shi mako biyar ya raba Punjab da Bengal tsakanin Indiya da Pakistan. An bayyana layinsa ranar 17 ga Agusta, bayan an riga an yi bikin ƴancin kai, mutane suka wayi gari a ƙasar da ba su zaɓa ba. Kimanin mutum miliyan 15 suka bar gidajensu, waɗanda suka mutu kuma ana ƙiyasta su daga dubu 200 har zuwa miliyan 2. Lahore da Amritsar, birane biyu masu magana da harshe ɗaya, tazararsu ba ta wuce kilomita 50 ba, wato ba ta kai ta Maraɗi da Katsina ba, amma yau ratsa ta ya fi zuwa Landan wuya. Abin da ya fi kama hankalina a labarin shi ne ruwa. Layin ya bar ƙofofin magudanan ban ruwa a hannun Indiya, gonakin kuma a Pakistan, kuma ranar 1 ga Afrilu 1948 aka rufe ƙofofin. Sai a 1960 aka samu yarjejeniyar kogin Indus, wadda ta tsallake yaƙe-yaƙen 1965 da 1971 da 1999, amma a watan Afrilun 2025 Indiya ta ce ta jingine ta. Manomin Jiratawa ko na bakin tafkin Madarunfa ba ya buƙatar a yi masa dogon bayani a nan. Gulbin Maraɗi daga ƙasar Katsina yake tasowa, ya shigo Nijar, ya sake komawa Najeriya ya faɗa kogin Rima, kuma tun da aka gina madatsar Jibiya, yawan ruwan da ke iso mana ya dogara da abin da aka saki daga can.

Wani zai ce kwatancen ya yi nisa, domin a Indiya addini ne ya raba mutane, kuma shugabannin Musulmi da kansu suka nemi ƙasarsu a taron Lahore na 1940, alhali mu babu jini tsakaninmu da Najeriya. Haka ne, kuma godiya ta tabbata ga Allah a kan haka. Amma wannan ne ma ya sa abin da muke yi ya fi zama abin takaici. Indiya da Pakistan suna da gawarwakin 1947 da rikicin Kashmir da za su kafa hujja da su, duk da haka a watan Nuwambar 2019 suka buɗe hanyar Kartarpur don mabiya addinin Sikh su ziyarci wurin ibadarsu ba tare da biza ba. Indiya da Bangaladash kuma a 2015 suka yi musayar ƙananan yankuna 162 da suka maƙale a cikin ƙasashen juna, suka bar mazauna su zaɓi ƙasar da suke so. Mu da ba mu da ko ɗaya daga cikin dalilansu, sau biyu cikin shekara biyar aka garƙame mana ƙofa. A watan Agustan 2019 Najeriya ta rufe iyakokinta don hana shigar shinkafa da fitar mai, kuma ko da aka buɗe wasu a Disambar 2020, ta Jibiya sai Afrilun 2022. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 a Nijar, takunkumin ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, CEDEAO, ya sake rufe ta, aka yanke wutar da ke zuwa daga Katsina ta Gazawa, har zuwa Maris 2024. Sojojin da ake son a hora ba su rasa abinci ko magani ba. Mai kai wake da dabbobi kasuwar Jibiya, da majinyacin da ke zuwa asibiti a Katsina, da matar da iyayenta ke ƙetare, su aka hora.

Hujjar da ta fi wuyar turewa ita ce ta tsaro. Ƴan bindigar da suka addabi Zamfara da Katsina suna tsallakowa su saci shanu da mutane a ƙauyukan Gabi da Ɗan Isa da gefen dajin Baban Rafi, kuma tun 2019 dubun dubatar ƴan gudun hijira sun kwararo jihar Maraɗi. Wanda aka sace masa ɗa yana da haƙƙin ya nemi a gina katanga, kuma ba zan raina kukansa ba. Sai dai a duba abin da rufewa ke rufewa. Iyakar Nijar da Najeriya ta kai kusan kilomita 1,500, mafi yawanta gonaki ne da daji. Umurnin rufewa yana aiki ne a kan kwalta, a gaban ƴan duwan da jandarma, wato daidai wurin da ɗan bindiga bai taɓa bi ba. Da an rufe shingen hukuma sai fatauci ya koma daji a kan babura, kuɗin da ya kamata ya shiga baitulmali ya shiga aljihun ƴan fasa ƙwauri da masu karɓar na goro, talakan da ke da gaskiya kuma ya koma bin hanya ɗaya da ɓarawo. Ɗan bindiga yana cin moriyar layin ne ta wata fuska: ya yi ɓarna a nan ya tsere can, sojan da ke bin sa ya tsaya a bakin alama. Maganin wannan shi ne sintiri na haɗin gwiwa da musayar labari tsakanin Maraɗi da Katsina da Zamfara, kuma duk sa'ad da gwamnatocin biyu suka daina magana da juna, wannan ne abu na farko da ke mutuwa.

Ba ina kiran a goge iyakar ba ne. Shugabannin Afirka sun yanke a Alƙahira a 1964 cewa a riƙe iyakokin da aka gada, kuma sun yi daidai, domin sake rabon ƙasa zai ci rayuka fiye da abin da zai gyara. Ɗan Madarunfa ɗan Nijar ne, yana alfahari da haka, shekara 60 da ɗoriya na tarihi ɗaya da Yamai da Agadas ba wasa ba ne. Turawan da suka ja mana layin ma ba su goge nasu ba. Faransa da Jamus sun yi yaƙi uku tsakanin 1870 da 1945, yankin Alsace ya sauya hannu sau huɗu, sannan a 1951 suka haɗa ƙarfensu da kwal ɗinsu a ƙarƙashin hukuma ɗaya, a 1985 suka sa hannu a Schengen, daga 1995 kuma mai aiki a Strasbourg ya riƙa kwana a Jamus ba wanda ke tambayarsa takarda. Iyakar na nan a taswira, kowa da tutarsa da majalisarsa, abin da suka cire mata shi ne ikon hana talaka neman abincinsa. Yau da Nijar ke maganar ƴantar da kanta daga ragowar mulkin mallaka, har ta sallami sojojin Faransa a 2023 ta kuma ɗaga Hausa zuwa matsayin harshen ƙasa a 2025, ya kamata wannan ragowar ma ta shiga lissafi, domin babu abin da Faransa da Ingila suka bar mana da ke taɓa rayuwar ɗan gundumar Madarunfa kullum kamar shingen Ɗan Isa.

Kayan aikin suna nan a hannu. Hukumar haɗin gwiwa ta Nijar da Najeriya tana nan tun 1971 da ofishinta a Yamai, yarjejeniyar Maiduguri ta 1990 ta ambaci Gulbin Maraɗi da sunansa cikin ruwayen da za a raba bisa adalci, layin dogon Kano zuwa Maraɗi mai kilomita 284 kuma ta Jibiya zai shigo. Amma tun da Nijar ta fita daga CEDEAO ranar 29 ga Janairu 2025, ƴancin zirga-zirgar da yarjejeniyar 1979 ta ba ɗan Ɗan Isa ya koma alfarma, wadda kowane ɓangare ke iya janyewa da sanarwa guda. Abin da ake buƙata shi ne yarjejeniya tsakanin ƙasashen biyu kai tsaye, a rubuce, da ta haramta taɓa abinci da magani da wuta da ruwan gulbi da tafiyar majinyaci duk zafin rigimar siyasa, ta kuma ba mazauna gundumomin bakin iyaka katin da za su ratsa da shi kasuwa da gona da zumunci. Gwamnonin Maraɗi da Katsina, da sarakunan gidajen nan biyu, da ƴan kasuwar da ke hada-hada tsakanin kasuwar Dawanau ta Kano da Maraɗi, su ya kamaci su kai wannan buƙata Yamai da Abuja tun kafin jirgin ƙasan ya iso.